Niva da UAZ a Ƙasar Arewa: Tambayoyi Kafin a Fitar da Kuɗi

Tun bayan juyin mulkin 26 ga watan Yulin 2023 sunan Rasha bai fita daga bakin jama'a ba a Nijar. Sojojin Faransa sun kammala ficewa a watan Disamban shekarar, masu horar da soja na Rasha kuma suka sauka Yamai a watan Afrilun 2024. Ba abin mamaki ba ne idan zancen ya gangaro daga bindiga zuwa mota, har mai magana ya ce: tun da an sauya aboki, me zai hana a sauya abin hawa, a kawo Niva da UAZ, waɗanda aka ce ba su san wahala ba, a raba wa asibitoci da ma'aikatun karkara? Tambayar ta cancanci amsa, domin a gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri mota mai jure turba ita ce ke tsakanin mai naƙuda da likita.

Kwaltar da ta taso daga Dosso ta ratsa Kore Mairuwa da Dogon Dutsi da Dankasari ta nufi Birnin Ƙwanni, amma yawancin talakawan Arewa ba a bakinta suke zaune ba. Ƙauyukan da ke kewaye da Matankari, Sukukutan, Dogon Kiriya, Gesheme da Dumega, sai an bi rairayin Dallol Mawuri, ko an hau fako mai tsakuwa, ko an tsallake ƙoramar da ke yanke hanya da damina. A irin wannan ƙasa, gaskiya ne, motocin nan biyu suna da abin faɗa.

An fara ƙera Niva a garin Tolyati a shekarar 1977. Ƙarama ce, marar nauyi, ƙafafunta huɗu suna ja a kowane lokaci, tana da ƙaramar giya ta hawan tudu da fita yashi, cikinta kuma ya ɗaga daga ƙasa da wajen santimita 22. Masu tsere sun shaide ta a Sahara: ta zo ta biyu a gasar Paris-Dakar a 1982, ta maimaita a 1983, shekarar da gasar ta keta Tenere. Ita kuwa UAZ-469, wadda masana'antar Ulyanofsk ta soma fitarwa a farkon shekarun 1970, don soja aka yi ta: shasi mai kauri, rufin tamfol, ba ƙawa ko kaɗan. Ƴar uwarta mai siffar bas, UAZ-452, ta fito tun 1965, kuma da ita aka daɗe ana ɗaukar marasa lafiya a ƙauyukan Rasha da makiyayar Mongoliya. Wanda ya ce ba motoci ba ne bai yi adalci ba.

Sai dai mota ba ta rayuwa da ƙarfin ƙarfenta kaɗai. Dattawan direbobi suna tune da zamanin da ƙananan motocin Lada suka shiga Nijeriya a shekarun 1970 da 1980. Ina suke yau? Peugeot 504 kuwa, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna a masana'antar da aka buɗe a 1975, ta daɗe tana jigilar buhuna bayan an daina yayinta, saboda duk abin da ya karye a jikinta akwai shi a Sakkwato, akwai shi a Kano, akwai ma tsohonsa a bayan garejin unguwa. Haka Toyota ta gaje ta. Hilux da Land Cruiser ba da farfaganda suka mamaye karkara ba. Makanike ya haddace su, ɗan kasuwa ya tara kayan gyaransu, direban da ya lalace a daji ya san kafin gobe da yamma za a aiko masa da abin da yake nema a motar haya. Ita kuwa baƙuwar mota, ranar da famfon ruwanta ya mutu a hanyar Bagaji, wa za a kira?

Akwai kuma wani ruɗi da ya kamata a warware. Sauƙin da ake yabo na tsohuwar ƙira ne, mai kafireta, wadda makanike ke kwancewa a gindin bishiya ya hura ya mayar. Niva da ake ƙerawa yanzu, da UAZ Hunter da ta gaji 469 a 2003, na'urar lantarki ce ke auna musu mai, kuma idan ta rikice sai an jona mata kwamfuta. Wanda ya ji labarin motar 1980 ya je ya sayi ta yau, ba abin da aka ba shi labari zai karɓa ba. Ƙari a kan haka, kamfanin Renault ya janye daga masana'antar Lada a watan Mayun 2022 sakamakon yaƙin Yukren, har ta kai masana'antar ta fitar da motoci a wannan shekarar ba tare da wasu na'urorin kariya ba don rashin kayan haɗi. Mai ƙera motar da kansa ya ɗanɗani rashin kayan aiki, balle mai saye da ke Tibiri.

Hanyar da kayan za su biyo ma abin dubawa ce. Rufe iyakar Benin bayan juyin mulkin ya karkatar da kayan da suka saba shigowa daga Kwatano ta Gaya zuwa tashar Lome, su ratso Burkina Faso cikin rakiyar soja. Jahar Dosso, wadda a da ita ce ƙofar shigowa, ta fi kowa sanin abin da wannan ya jawo na tsada da jinkiri. Kuma ƴan kasuwar da suka ga faɗuwar darajar sefa a watan Janairun 1994, lokacin da kayan waje suka ninka kuɗi a dare ɗaya, ba sa bukatar a koya musu haɗarin dogara da abin da ba a samu sai daga nesa.

Ga ɗan kasuwa lissafin gajere ne. Niva ta asali ƙofa uku gare ta, mutum huɗu take ɗauka, bayanta ba zai ci buhunan wake da gyaɗa da za su biya kuɗin tafiya ba. UAZ ta fi ta ɗauka, amma ta fi ta shan mai, kuma galibinsu fetur suke sha. Tun da Nijeriya ta janye tallafin mai a watan Mayun 2023, arahar fetur ɗin kwalba da yankunan iyaka suka saba da ita ta kau, ƙarancin da aka yi a gidajen mai a watan Maris na 2025 kuma bai bar wa kowa shakka ba. Mai kuɗinsa dai yana da ikon gwadawa. In ya yi asara, aljihunsa ne.

Dukiyar jama'a ce ba ta da wannan ƴanci. Duk ma'aikacin da ya zagaya ofisoshin karkara ya san motocin da ke kwance bisa duwatsu a harabobi, tayoyi sun tafi, awaki na kwana a ƙarƙashinsu. Da yawansu kyauta ce ta ayyukan raya karkara: aka yi biki, aka miƙa makulli, aikin ya ƙare, kuɗin gyara ya ƙare tare da shi. Turawan Yamma ne suka kawo waɗancan, kuma babu dalilin da zai sa kyauta ko cinikin Rasha ya tsira daga wannan makoma idan aka bi hanya ɗaya. Abin ya fi tsanani yanzu, domin tun watan Afrilun 2024 da aka rushe majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa kantomomi, babu zaɓaɓɓen kansila da zai miƙe a zaure ya tambayi nawa aka saya, a hannun wa, da wane sharaɗi.

Saboda haka idan har wata hukuma ta ƙudura sayen irin waɗannan motoci, a fara da kaɗan. A kai biyu ko uku asibitin gundumar Dogon Dutsi da na Tibiri, su yi damina biyu cur suna aiki kafaɗa da kafaɗa da Toyota, a rubuta man da kowace ta sha da kwanakin da ta yi a kwance, a buga sakamakon kowa ya gani. Ba a fafe gora ranar tafiya: kwangilar ta tilasta wa mai sayarwa buɗe kantin kayan gyara aƙalla a Dosso, ya horar da makanikan yankin, ya kawo littafin gyara da faransanci maimakon rashanci. A kuma buɗe takarar kwangilar ga kowa, da Japan da Sin da Indiya, a sanar da farashin kowanne kafin a sa hannu.