Gasar iGEM Ba Ta 'Yan Kimiyya Kaɗai Ba Ce

Ɗan'uwa, ka taɓa jin bakteriya mai ƙamshin ayaba? A 2006 ɗaliban jami'ar MIT ta Amurka suka sauya ƙwayoyin gadon bakteriyar E. coli har ta riƙa irin wannan ƙamshi. A shekarar ce kuma takwarorinsu na jami'ar Edinbara suka haɗa wadda ke tona asirin gubar arsenik a ruwan sha, matsalar da ta addabi rijiyoyin Bangladesh. Duk sa'o'inmu ne fa, ba farfesoshi ba.

A gasar iGEM aka yi waɗannan ayyuka. Ta faro ne daga wani kwas a MIT a 2003, aka fara fafatawa a 2004 da tawaga biyar, tun 2022 kuma a Paris ake babban taronta. Ɗalibai na harhaɗa guntayen DNA kamar mai jera bulo, su sa ƙwayar halitta ta yi aikin da suke so. Jami'ar Ashesi ta Ghana ta shiga a 2017.

Za ka ce ina ruwan ɗan aikin jarida kamata? To, alkalan gasar ba sakamakon gwaji kaɗai suke dubawa ba. Suna so su ga tawaga ta je wurin mutanen da abin zai shafa, ta saurari tsoronsu, ta gyara aikinta. Mu da muka tashi da labarin yadda jita-jita ta tsayar da rigakafin shan inna a Kano a 2003 mun san abin da rashin yarda ke jawowa. Sai ka tuna Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe yara sama da 400. Ko an samu gwaji mai araha, wa zai yi wa uwa a ƙauye bayaninsa da Hausa har ta amince?

Gaskiya ne, da dala ake biyan kuɗin rajista, ɗakunan gwajinmu kuma na fama da rashin wuta. Masu fargabar a yi wasa da halitta ma ba shirme suke yi ba. Shi ya sa gasar ke da dokokin kariya masu tsauri. Amma idan muka zauna gefe, wasu ne za su zaɓi matsalolin da za a magance, namu kuwa sai jiran tsammani.

Gobe ka leƙa sashen maikrobayoloji, ka nemi mutum biyar masu sha'awa da malami ɗaya. Ni na ɗauki nauyin makirufo da kyamara.