A Daina Yi Wa Mazan Jiya Fenti



Duk ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya, shafukanmu kan cika da tsofaffin hotunan sojoji waɗanda aka zuba wa launi da manhajar waya. Za ka ga Birgediya Zakariya Maimalari, wanda aka kashe a juyin mulkin 15 ga Janairun 1966, fuska sumul kamar ɗan wasan fim. Za ka ga Janar Murtala Muhammed da kakin da ba a san inda aka samo kalarsa ba. Jama'a na ta yabawa, ni kuwa na ce wannan gyaran gangar Auzinawa ne.

Abin ya faru a gidanmu. Kakana na cikin 'yan ƙasar Bauchi da Turawa suka kai yaƙin Burma. Hotonsa ɗaya tak muka gada: yana tsaye da jar dara a ka, lambar yabo a ƙirji, tsagar gado a kumatu. Wani ɗanmu ya kai shi shagon hoto a nan cikin gari don a "gyara". Da aka dawo da shi, hular ta koma baƙa, ƙyallen lambar ya zama kore, fata ta yi haske, tsagar kuma an shafe ta tas, domin na'urar ta ɗauka tsufan takarda ne. Gwaggonmu ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce: "Wannan ba Baba ba ne." Mafi ciwo, an bar na asalin a shagon, har yau ba a gan shi ba. Garin neman gira an rasa ido.

Ya kamata mu san yadda abin ke aiki. Hoton baƙi da fari haske da duhu kawai ya adana, babu launi a ɓoye cikinsa da za a tono. A tsohon fim ma, ja kan fito da duhu kamar baƙi. Manhajar ba ta san komai game da mai hoton ba, canke take yi daga tarin hotunan da aka horar da ita da su. Shi kuwa kayan soja, launinsa magana ce. Sojan ƙasa na rundunar Turawa ta Afirka ta Yamma yana fareti da jar dara, jar falmaran mai rawayen baki da jan ɗamara, masu igwa kuwa falmaran shuɗiya suke sawa. Ƙyallen lambar Burma ja ne a tsakiya, gefensa shuɗi mai duhu da ratsin ruwan lemo. Idan ka sauya launin, ka sauya wa mutum rundunarsa da fagen da ya yi yaƙi.

Ba ƙaramin abu suka yi ba. Runduna ta 81 ta ratsa kwarin Kaladan a 1944, ita da ta 82 suka kama Myohaung a Janairun 1945. Barikin Dalet a Kaduna da na Chindit a Zariya daga wancan yaƙin suka samo suna. Da yawansu ba su bar rubutu ba. Hoton nan da tsagar da ke nuna Bageri ne ko Bajari ko Bafillace, su ne shaidarsu.

Masu yi suna cewa yaran yanzu ba sa kallon baƙi da fari, launi ne ke jawo su. Na yarda akwai gaskiya a nan. Amma da Peter Jackson ya sanya launi a fina-finan Yaƙin Duniya na Ɗaya a 2018, ya gwada da ainihin kayan sojan lokacin, kuma na asalin na nan a ajiye a gidan tarihin yaƙi na Landan. Mu kuwa danna waya muke yi, cikin daƙiƙa goma mu watsa, babu ko bayani. Idan muka saba da haka, gobe wani zai ɗora fuska ya ce ga Yakubun Bauchi, wanda ya rasu tun 1845 ba a taɓa ɗaukarsa hoto ba, kuma za a samu masu yarda.

Don haka ina kira ga mambobinmu. Kada hoton asali ya kwana a shago, a kwafe shi a gabanka ka koma da abinka. A rubuta sunan mai hoton, garinsu da rundunarsa tun dattawan da suka san shi suna raye. Wanda ya ga lallai sai ya sa launi, ya tambayi iyalan mamacin, ya ɗora shi gefe da gefe da na asalin, ya rubuta ƙarara cewa launin na kwamfuta ne. Ina kuma roƙon masu kula da wannan shafi su cire duk wanda bai cika wannan sharaɗi ba.

Allah Ya jiƙan mazan jiya, Ya sa sun huta.

Sakataren Ƙungiya, Bauchi