WAYAR AMURKA BA TA SAN HANYAR MADAKIYA BA

Daga Wakilinmu na Arewa

'Yan'uwana mazauna Ikko, Badun, Fatakwal da sauran garuruwan Kudu, yau ina so in jawo hankalinku ga wata al'ada da ta zama ruwan dare, wato aiko wa iyaye da wayar salula ta gwanjo, wadda aka gama yayinta a ƙasar waje. Niyyar kam mai kyau ce, amma sau da yawa kuɗin ne ke tafiya a banza.

Dalili kuwa shi ne, kowace ƙasa da irin wayar da ake ƙera mata. A 2022 kamfanin Apple ya fitar da iPhone 14. Wadda aka sayar a Amurka ba ta da ramin sa katin layi ko ɗaya, sai layin da ake ɗorawa ta intanet. Ita dai wannan waya, wadda aka kai ƙasar Sin, tana ɗaukar kati biyu. Bayan haka, yawancin wayoyin da ake saya bashi a Amurka a kulle suke ga kamfanin da ya sayar da su, ba su karɓar layin wani sai an buɗe su. To, idan irin wannan ta faɗa hannun dattijo a Madakiya, ina zai kai ta?

Mu dubi halin da ake ciki a gida. Tun da Econet da MTN suka fara aiki a Nijeriya a watan Agusta na 2001, mutanenmu suka gane cewa layi ɗaya ba ya isa, domin inda wannan ya kama, wancan ba ya kamawa. Wutar lantarki kuma ba ta da tabbas, har mutum yakan biya kuɗi a yi masa caji. Manomin citta da ke son jin farashi a kasuwar Kafanchan, abin da yake bukata shi ne waya mai layi biyu, mai batir da zai kwana biyu, mai tocila da rediyo, wadda in ta lalace mai gyara na kusa yana da kayanta.

Wannan shi ne abin da kamfanin Transsion na birnin Shenzhen ya lura da shi, ya ƙera Tecno da Itel musamman domin Afirka, har kyamararsu aka daidaita ta da baƙar fata. Ba talla nake yi musu ba. Misali ne na wanda ya tambayi mai shiga rijiya kafin ya saƙa igiya.

Kada kuma a raina ƙaramar waya. Lokacin ƙarancin takardun Naira a farkon 2023, da 'yar wayar nan mai maɓallai mutane da yawa suka riƙa tura kuɗi ta hanyar danna lambobin banki, ba tare da intanet ba.

Saboda haka, kafin ku ciro kuɗi a kasuwar waya ta Ikeja, ku sa layinku a ciki ku kira wani a gaban mai kaya. Ku tambaya ko a kulle take, kuma kati nawa take ɗauka. Sa'an nan ku tambayi na gida wane layi ne ke kamawa a unguwarsu. Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai. Wayar kirki ita ce wadda za ta yi ƙara ran da mahaifiyarku ba ta da lafiya.

Allah Ya kai mu gida lafiya, amin.