Firji Mai Hira da KEDCO: Wa Zai Biya Kuɗin Hirar?

A Turai da Amurka an fara ƙera firji da hitar ruwa da na'urar sanyaya ɗaki waɗanda ke karɓar saƙo daga kamfanin wutar lantarki. Da magariba, lokacin da kowa ya dawo gida ya kunna kayansa, sai kamfanin ya aika musu su sassauta jan wuta na ɗan lokaci, shi kuma mai gida a rage masa kuɗi. Dabara ce mai kyau a inda aka ƙirƙiro ta, domin tana hutar da kamfani tayar da ƙarin injina masu cin kuɗi. Masu tallar fasaha suna cewa mu ma tana nan tafe. To, kafin ta iso, bari mu buga lissafinta a kan gida ɗaya a Bebeji ko Kiru ko Tudun Wada ko Doguwa.

Ribar da ake kwaɗaita wa mai gida ita ce ta fara rushewa. Ragin nan galibi yana samuwa ne inda farashin wuta ke sauyawa da sa'o'in yini, na tsakar dare ya fi na magariba araha. A nan kuwa hukumar NERC ta raba farashi ne bisa yawan sa'o'in da layi ke samu: Band A sa'a 20 a rana, B 16, C 12, D 8, E kuma 4. Ko da asuba ka kunna firizarka ko da la'asar, kuɗin yunit ɗaya ne. Shi ma KEDCO, wanda ke raba wutar Kano da Katsina da Jigawa tun da aka sayar da kamfanonin wuta a Nuwamban 2013, ba ya bukatar lallashin firjin kowa. Idan wutar da aka ba shi daga babban layi ta gaza, ya kashe layin gari guda ne kawai, kuma wannan bai ci masa ko kwabo ba. Mai awa huɗu a rana ba shi da lokacin da zai zaɓa. An kawo wuta, a guje a jona komai.

A ce dai an nace. Ta wace hanya saƙon zai bi? Wi-Fi shi ya fi yawa a kayan da ake sayarwa, kuma dukkan nauyinsa a wuyan mai gida yake. Sai ya sayi na'urar, ya riƙa zuba mata data duk wata, bayan hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Ita kanta na'urar tana shan wuta: mai wat 10 da ke kunne dare da rana tana cinye yunit 7 da ɗoriya a wata. Kuma don ta zauna a kunne dole a haɗa mata batir ko sola, wato ka sayi wuta ta biyu domin ka ji saƙon wuta ta farko.

Akwai hanyar sa wa mita ko na'ura layin waya nata na kanta. Wannan ta fi dacewa da karkara, amma ƙarfinta ƙarfin turken sabis ne, shi kuma turken dizal yake sha. Matafiyin da ya saba ratsa dajin Falgore ya san akwai inda waya kan yi shiru. Kada kuma a manta Satumban 2021, lokacin da gwamnati ta rufe sabis a Zamfara baki ɗaya da wasu ƙananan hukumomin Katsina saboda tsaro. Hukunci ɗaya daga sama, duk na'urar da ta dogara da layi ta kurumce. Birtaniya ma, da duk arzikinta, ba ta tsira ba: a ƙarshen 2023 mitoci masu aika saƙo kusan miliyan 4 ne ba sa aikawa, kuma da yake za a rufe sabis na 2G da 3G a can nan da 2033, sai an bi gidaje miliyoyi an sauya musu na'urar sadarwa. Kuɗin duk cikin bil yake komawa.

Hanya ta uku ta fi ban sha'awa a takarda, wato a tura saƙon ta cikin wayar wutar kanta. Da ita kamfanin Enel ya haɗa mitoci kusan miliyan 30 a Italiya tun farkon shekarun 2000, Faransa ma ita ta bi da mitarta Linky. Mu ma mun ɗanɗana ta ba tare da mun sani ba. Mitar katin da ake rataye wa a kan falwaya, a bar maka ɗan allon danna lambobi 20 a ɗaki, da yawansu ta cikin waya suke magana da juna. Duk mai irinta ya san halinta: in ka juya gidan zuwa janareto, allon ba ya ganin mitar. Wannan tazarar taku ashirin ke nan. Ina ga saƙon da zai ratsa wayar da aka ɗaɗɗaure a wuri goma, ta bi ta taransifomar da 'yan unguwa suka yi karo-karo suka gyara? Su kuwa irin su Zigbee, da ke miƙa saƙo daga gida zuwa maƙwabcinsa ta iska, ba sa wuce tazarar mita goma zuwa ɗari. A cunkoson Fagge sai su yi aiki. A ƙauyen da gona ke raba gida da gida, babu mai miƙa wa wani.

Sannan duk huɗun suna da uwa ɗaya, ita ce wuta. A Oktoban 2024, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, na Ugwuaji zuwa Apir shi ma ya faɗi, Arewa ta shafe fiye da mako a duhu. Firjin da ya fi kowane wayo a ranakun nan akwatin ajiye kwanuka ne. Mutanen Bebeji sun fi kowa sanin ga ƙoshi ga kwanan yunwa: dam ɗin Tiga na gabansu tun 1974, tashar wuta mai megawat 10 da jiha ta gina a jikinsa kuwa an tsara ta ne don injinan ruwan Tamburawa da fitilun titunan birni.

Kuɗin da ba a rubutawa a rasit shi ne iko. A ƙarshen Agustan 2022, ana tsananin zafi a jihar Kolorado ta Amurka, kamfanin Xcel ya kulle madannin sanyaya ɗaki na gidaje kusan 22,000 na tsawon sa'o'i. Da yardarsu suka shiga shirin, a kan dala 100 ta farko da 25 duk shekara, amma ranar ce suka gane abin da suka sayar. Irin wannan igiya mun riga mun san ta a solar biya-kaɗan-kaɗan, kamar wadda Lumos ya kawo tare da MTN: ranar da kuɗi ya yanke, akwatin ya rufe kansa. Can aƙalla cinikin a fili yake, ka biya ka ga haske. Wanda bai tsaya maka da wutar awa takwas ba, me zai sa ka miƙa masa makullin firizar da matarka ke sayar da ƙanƙara da zoɓo da ita?

Ba ina cewa sadarwa ba ta da gurbi a harkar wutarmu ba. Mita mai layin waya a kan kowace taransifoma za ta nuna awa nawa gari ya samu da gaske, a daina gardamar Band da fatar baki. Manyan masu jan wuta, irin injinan casar shinkafa da na niƙa da Makarantar Lauyoyi ta Bagauda, su ne ciniki a kan lokacin kunna inji zai iya amfana, kuma layi ɗaya ya ishi kowannensu. Amma a 2024 fiye da rabin masu hulɗa da kamfanonin wuta a Najeriya ba su da mita ko ta gargajiya, bil ɗin ƙiyasi ake kai musu. Mitar gida mai layin wuta ɗaya ta kai naira 81,975 a Satumban 2023, kafin a saki farashinta ga kasuwa ya ƙara hawa.

Saboda haka mai gida a Kiru ko Doguwa, in kuɗi ya shigo hannunka bayan kaka, fara da mita, sai sitabilaiza, sai faifan sola da batir. Firji kuwa ka sayi wanda ke riƙe sanyi awanni bayan an ɗauke wuta.