Jabun Farantin Kaca Da Rayukan Masu Babur

Tun daga lokacin da kuɗin Udoji suka shiga hannun ma'aikata a 1975, babur ya zama dokin ƙaramin ma'aikaci a ƙasar nan. Da shi malamin makaranta yake zuwa aiki, da shi malamin gona yake zaga ƙauyuka, a kansa kuma ɗalibai da yawa suke isa makaranta. Saboda haka duk abin da ya taɓa lafiyar babur ya taɓa rayukan jama'a masu ɗimbin yawa. Ɗaya daga cikin irin waɗannan abubuwa, wanda ba a cika kula da shi ba, shi ne jabun farantin kaca da ake sayarwa a shagunan kayan gyara.

Faranti biyu ne suke riƙe da kacar babur. Akwai ƙarami a jikin inji, mai haƙora kamar 14, da babba a jikin ƙafar baya, mai haƙora 40 ko abin da ya yi kusa da haka. Duk ƙarfin da inji ya bayar ta kan haƙoran nan yake bi kafin ya isa ƙafa. Shi ya sa masu ƙera na ainihi suke amfani da ƙarfe mai kyau, su gasa haƙoran har su yi tauri, su kuma auna tazararsu daidai da idanun kaca. A kaca mai lamba 428, wadda yawancin ƙananan babura suke amfani da ita, tazarar nan rabin inci ce cif.

Mai yin jabu ba ya damuwa da wannan duka. Ƙarfe mai laushi yake samu ya yanka, ya shafa masa fenti, ya sa a kwali mai kama da na ainihi. Da an yi 'yan makonni, musamman a ƙurar hunturu, sai haƙoran su zaizaye su lanƙwashe kamar ƙugiya. Wani kuma ramin tsakiyarsa a karkace yake, watau kaca ta ɗame a wani gefe, ta saki a wani. Ƙarshen abin shi ne kaca ta zame ko ta tsinke. In Allah ya kiyaye, mutum ya tura babur zuwa gida. In kuwa ta maƙale tsakanin faranti da jikin babur ana cikin gudu, ƙafar baya takan ƙame nan take, ta watsar da matuƙi da wanda ya goya a tsakiyar titi.

Abin takaici shi ne mai saye ba shi da hanyar rarrabe mai kyau da maras kyau da ido. Abin da yake gani kawai shi ne bambancin farashi. Tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, kayan gyara sun yi tsada ƙwarai, don haka ba abin mamaki ba ne mai ƙaramin albashi ya miƙa hannu ga mai sauƙin kuɗi. Gaskiya ne araha ba ta ado, amma ba daidai ba ne a ɗora laifin a kan talakan da aka ruɗa. Nauyin yana wuyan wanda ya shigo da kayan, da wanda ya sayar, da hukumar da aka kafa don ta hana.

Dokoki kuwa akwai su. An kafa Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, watau SON, tun 1971. A 2005 ta fito da tsarin SONCAP na tantance kaya tun kafin su baro ƙasar da aka ƙera su, sa'an nan dokar 2015 ta ƙara mata ikon kama kaya da gurfanar da masu su. Kamata ya yi hukumar ta riƙa sayen farantan kaca daga manyan kasuwanni irin su Nkwo ta Nnewi da Ƙofar Ruwa ta Kano da Fanteka ta Kaduna, ta gwada taurinsu, ta kuma buga sakamakon da Hausa a jarida da rediyo, tare da sunan kowane tambari da ya faɗi. Yin haka zai taimaki 'yan kasuwa masu gaskiya, waɗanda jabu yake kashe wa ciniki.

Har ila yau, akwai aiki a gaban Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988. A lissafinta na musabbabin haɗari akwai fashewar taya da tsinkewar birki, amma zamewar kaca ba ta da gurbi nata na kanta. Muddin ba a rubuta irin wannan haɗari da sunansa ba, to za a ci gaba da cewa gudu ne ko ganganci, alhali mai laifin yana shagonsa yana ciniki. Lalle ne a umurci jami'ai su riƙa duba kaca da faranti a duk haɗarin babur, su rubuta abin da suka gani.

Ƙungiyoyin makanikai su ma suna da hakki. Bakanike ya fi kowa sanin faranti mai laushi, domin in ya goga magagari a haƙori, na ainihi ba ya cinyuwa da sauƙi, jabu kuwa nan da nan yake zubar da gari. Wanda ya sani ya kuma ɗaura wa mutum don neman 'yar riba, ya ci amanar da aka ba shi.

Kafin hukuma ta motsa, wajibi ne mai babur ya kare kansa. Ya canza kaca da farantan biyu lokaci guda, domin tsohuwar kaca tana cinye sabon faranti. Ya karɓi rasit mai sunan shago. Kowane mako ya duba haƙora da notocin faranti, ya zuba wa kaca mai, ya tabbata sakinta bai wuce kamar faɗin yatsa biyu ba. In ya ga haƙora sun fara lanƙwasa, ya jingine babur har sai an canza, ko da hakan zai sa ya taka da ƙafa zuwa ofis na kwana biyu.