Motar Gwangwani Ba Wasan Yara Ba Ce

A ƙarshen makon jiya mun haɗu, mu 'yan tsiraru masu sha'awar ƙera ƙananan samfura, muka nufi Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Adabraka, wanda aka buɗe a watan Maris na 1957. Inda muka fi daɗewa a tsaye shi ne gaban ma'aunan zinariya na Akan: 'yan ƙananan siffofi na tagulla, galibi ba su wuce tsawon yatsa ba. Maƙeri kan fara siffanta abin da kakin zuma, ya lulluɓe shi da yumɓu, ya narkar da kakin, sannan ya zuba tagulla a gurbinsa. Da irinsu aka yi ƙarnuka ana awon garin zinariya, wasu ma a kan nauyin miskalin da fataken Musulmi suka zo da shi. Yau an daina ciniki da garin zinariya, amma kujera da ganga da garkuwar mutanen wancan zamani suna nan, domin wani ya zauna ya ƙanƙanta su.

Nan tambaya ta taso mana: mu mutanen zango, ina namu?

Hannu kam muna da shi. Wanda duk ya tashi a Nima ko Mamobi ya san motar gwangwanin madara, mai tayoyin tsohon silifa, kamar yadda 'yan uwanmu na Kano da Katsina suka san motar kara. Sai dai da zarar yaro ya fara ƙwarewa, sai mu ce ya bar shiririta. Maƙwabtanmu Ga ba su yi haka ba. A Teshi, Kane Kwei ya shahara da akwatunan gawa masu siffar kifi da mota, almajirinsa Paa Joe kuma ya kai sana'ar gidajen tarihi na Turai da Amurka.

Mun san damuwar iyayenmu malamai game da mutum-mutumi, kuma ba mu raina ta ba. Amma maganar a kan mai rai take. Zaure ba shi da rai, haka tsohuwar motar katako da ta yi jigilar goro da fasinja, haka masallacin Larabanga. Fagen da ya rage mana yana da faɗi ƙwarai.

Lokaci kuwa ba ya jiranmu. Nimar da Malam Futa ya kafa a farkon shekarun 1930 tana sauya kama kullum: ana rushe gidan gado mai tsakar gida da zaure, bene yana tashi a wurin. Hoto yana nuna fuska ɗaya ce tak. Samfuri kuwa yana nuna wa jika inda kakarsa take girki, da inda almajirai suke zama da allunansu.

Shawararmu ƙarama ce. Kafin a sa wa tsohon gida guduma, a auna shi, a ɗauki hotonsa, a ba matasa su ƙera shi da kwali da katako. Makarantun Islamiyya su ware wa yara rana guda ta aikin hannu. Sarakunan zango kuma su ba mu rumfa ɗaya a bikin Sallah mu baje abin da muka ƙera, dattawa su zo su gyara mana kuskure tun suna raye.

In kun ga yaro a lungu yana yanka gwangwani, kada ku kore shi. Ku tambaye shi ko zai iya ƙera gidan kakansa.