Dafin Kunama: Magani a Gonar Yaro

Kowane Bahaushe ya san kunama, kuma babu wanda ya san ta da alheri. In ta ɗaga ƙari ta ɗana wa mutum harbi, babba ma sai ya kwana yana salati, balle yaro ƙarami wanda dafin kan iya aika shi lahira. A 2008 wasu masana biyu na Faransa, Chippaux da Goyffon, sun ƙiyasta cewa takan harbi mutane fiye da miliyan ɗaya kowace shekara, fiye da 3,000 su rasa rayukansu. Duk da haka, 'yan'uwa ɗalibai, ina da ra'ayin cewa wannan dafi dukiya ne, amma ga wanda ya yi ilminsa kaɗai.

Dalili kuwa shi ne, dafin kunama ba abu ɗaya ba ne. Gauraye ne na sinadarai masu ɗimbin yawa, da yawa daga cikinsu na da irin ƙofar da suke toshewa ko buɗewa a jikin ƙwayoyin halitta. Aikin masani shi ne ya ware su ɗaya bayan ɗaya, ya ga wanne ke kisa, wanne kuma za a iya sa shi aiki.

A 1993 masu bincike a Amurka suka bayyana wani ɗan sinadari mai suna kulorotoksin, wanda suka ciro daga dafin wata kunama mai ruwan ɗorawa, ta jinsin Leiurus. Ba a jima ba sai Harald Sontheimer da abokan aikinsa na Jami'ar Alabama suka gano cewa yana manne wa ƙwayoyin ciwon dajin ƙwaƙwalwa, ya ƙyale lafiyayyun. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Babbar wahalar likitan fiɗa ita ce gane inda cuta ta ƙare da inda ƙwaƙwalwa ta fara: in ya yanke da yawa ya nakasa majiyyaci, in ya rage saura cutar ta dawo. Sai Dakta Jim Olson na birnin Siyatil ya haɗa sinadarin da wani rini mai ƙyalli, domin in an haska fitila ta musamman ƙarin ya bayyana a fili. Ya buga sakamakon farko a 2007, daga baya kuma aka gwada shi a jikin mutane, har da yara.

Haka nan a 2019 masanan Jami'ar Stanford da na Meziko suka sami sinadarai biyu a dafin wata kunamar Meziko, ɗaya ja ɗaya shuɗi. Shuɗin ya kashe ƙwayar tarin fuka a jikin ɓeraye, har da irin wadda ta gagari magunguna. Abin lura, da suka gane sigarsu sai suka harhaɗa su da kansu a ɗakin gwaji, ba su zauna tatsar kunama ba.

Amma fa ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ƙasar Kuba na sayar da wani ruwa mai suna Vidatox, wanda aka tsarma dafin kunama a ciki har kusan babu saura, masu ciwon daji kuwa suna ta zuba kuɗinsu alhali babu ingantaccen gwajin da ya nuna yana warkarwa. Wanda ya bar asibiti ya koma irin wannan, ko ya bari kunama ta harbe shi da sunan magani, ya cuci kansa.

To, ina mu a cikin wannan al'amari? Jinsin kunamar da aka sami kulorotoksin a cikinsa yana nan a Nijar da Chadi da Sudan. Ga kuma duwu, baƙar ƙatuwar nan da muke tsoro fiye da kima alhali harbinta bai kai na ƙananan ba. Maganin yana gonarmu, wasu ke nazarinsa a ƙetare, ranar da ya fito kuma mu za mu saye shi da tsada.

Ban ce sashen haɗa magunguna na jami'armu zai fitar da maganin daji gobe ba. Amma matakin farko bai fi ƙarfinmu ba, wato a san ire-iren kunamun da ke ƙasarmu, da inda kowacce take, da wadda ta fi kisa. Kunama takan yi ƙyalli da dare in an haska ta da fitilar ultrabayolet, saboda haka kama ta ba ya bukatar wani tsadadden kaya. Ina kira ga ƙungiyar ɗalibai ta nemi hukumar jami'a ta sa wannan cikin ayyukan binciken 'yan shekarar ƙarshe, ta kuma ware masa kuɗin mota da na kwalabe tun daga zango mai zuwa.